Yadda Ake Gano Dalilin Zafin Inji da Ƙonewar Gasket a Tsohuwar Mota

Duk wanda ya daɗe da tsohuwar mota ya san faɗuwar gaban da ake ji idan allurar zafi ta fara hawa. Ka lallaɓa ka kai ta gareji, tun ba a ɗaga bonet ba sai ka ji wani ya ce, "Maigida, gasket ya ƙone." Wani lokacin gaskiyarsa ce, amma sau da yawa ba haka ba ne. Na kwance kan inji ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma abin da na gani shi ne gasket ba kasafai yake ƙonewa haka kawai ba. Zafi ne ke cinye shi, shi kuma zafin yana da mafari: murfin lagireto da ya saki, fanka da ta daina juyawa, ko tiyo mai yoyo. Wanda ya canza gasket bai nemo wannan mafarin ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Don haka za mu fara daga abu mai sauƙi, sai mun rasa mai laifi a can sannan mu taɓa kan inji.

Kayan aiki

Tocila mai haske sosai, tsumma mai kauri, safar hannu, filaya, sukundireba, saitin sifana da sifanar fulogi. Sai ruwan lagireto irin wanda motarka ke sha, farin kwali mai faɗi, kwalba mai haske da guntun siririn tiyo. Idan da hali ka aro abubuwa huɗu: famfon gwada matsin lagireto, ma'aunin kwamfureshan, kwalbar gwajin hayaƙi mai shuɗin ruwa, da ma'aunin zafi irin wanda ake haska wa ƙarfe daga nesa. In babu su kada ka karaya, zan faɗi dabarar da ake yi a madadin yawancinsu.

Abin da ya kamata ka sani tukuna

Famfon ruwa yana tura ruwa ya zagaya cikin inji ya kwaso zafi, ya kai lagireto iska ta huce shi, ya dawo. Tamostat shi ne mai gadin ƙofa: yana rufe har sai ruwan ya kai wajen digiri 82 zuwa 92, gwargwadon motar, sannan ya buɗe. Murfin lagireto kuma ba rufi kawai yake yi ba, yana riƙe matsi, galibi bar 0.9 zuwa 1.1 (bar ma'aunin matsi ne). Ruwa zalla a buɗaɗɗen wuri yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin matsin bar ɗaya sai ya kai wajen 120. Ka ga ke nan murfi in ya saki, ruwa zai tafasa alhali injin lafiyarsa ƙalau.

Shi kuwa gasket, siririn faifai ne da ke tsakanin gangar inji da kansa, wanda makanikai ke kira tof. Abu uku yake rabawa: wutar da ke tashi cikin silinda, ruwan sanyaya, da baƙin mai. Alamar da za ka gani ta dogara ne da wace katanga ce ta faɗi tsakanin ukun nan.

Mataki na 1: Idan zafin ya kama ka a hanya

Kashe na'urar sanyaya ɗaki, ka kunna hita ka ƙure ta idan motar na da ita, domin tana janye zafi daga inji. Nemi gefen hanya ka tsaya. In allura ta shiga ja ko tururi na fita, kashe injin nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa, saura kaɗan. Wannan "saura kaɗan" ɗin ita ce ke lanƙwasa kan inji.

Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi. Ruwan da ke ciki ya wuce ma'aunin tafasa, matsi ne kawai ke danne shi, kana sassauta murfin zai yi tsartuwa ya sale maka hannu da fuska. Jira aƙalla rabin awa, har sai ka iya matsa tiyon sama da hannu ka ji ya yi laushi. Sannan ka ɗora tsumma, ka murɗa kaɗan iska ta fita, ka ƙarasa. Kada kuma ka sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, ciki ko waje. Ƙarfe mai zafi in ya huce farat ɗaya tsagewa yake yi.

Mataki na 2: Yaushe take yin zafin?

Wannan tambayar ta fi kowace sifana amfani, amma mutane kan tsallake ta.

Idan a cunkoso ko a tsaye take zafi, da an hau titi an miƙe kuma allura ta sauko, to iska ce ba ta ratsa lagireto: ka zargi fanka. Idan akasin haka ne, a gari lafiya lau amma a doguwar tafiya ko hawan tudu sai ta hau, ruwa ne ba ya gudu yadda ya kamata: lagireto ya toshe, famfo ya gaji, ko tiyon ƙasa yana shaƙewa idan an taka totur. Idan cikin 'yan mintuna da tayarwa ta haye, ka duba tamostat ko ƙarancin ruwa. Idan kuma allura na hawa tana sauka kamar mai wasa, hita na ba da zafi tana ɗaukewa, akwai iska a cikin hanyar ruwa. Iskar nan ko dai an bar ta ne lokacin zuba ruwa, ko kuma gasket ne ke hura ta. Riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Wani lokaci ma allurar ce ke ƙarya. In tana nuna ja amma babu tafasa, babu warin zafi, auna gindin tiyon sama da ma'aunin zafi. Digiri 90 zuwa 100 ba matsala ba ce, na'urar da ke aika wa allura saƙo ce ko wayarta ta lalace.

Mataki na 3: Duba inji da safe, yana sanyi

Buɗe murfin lagireto ka leƙa ciki da kanka. Kada ka dogara da robar ajiyar ruwa da ke gefe, tana iya zama cike alhali lagireto wayam. In ruwa ya ragu, ruwa ba ya tsami banza: wani wuri yake bi.

Bi kowane tiyo da hannu. Wanda ya kumbura, ya yi taushi ainun ko ya bushe yana tsattsagewa, ya gama aiki. Haska bakin kowane kilif, da inda robar lagireto ta haɗu da ƙarfensa. Ruwan lagireto in ya bushe yakan bar farin gari ko kore-kore, wannan shi ne sawun ɓarawon. Leƙa ƙarƙashin famfon ruwa, akwai ɗan rami da aka yi musamman don ya ɗiga idan silin ciki, wato abin da ke tare ruwa, ya mutu. Kama fulin famfon ka girgiza in hannu na kaiwa, bai kamata ya yi wasa ba. Duba fambel, wato bel ɗin da inji ke ja, ko ya saki. Taɓa kafet ɗin gaba a cikin mota: in da danshi da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ƙaramin lagireton hita ne ke yoyo. Daga nan ka haska tocila ta bayan lagireto ka duba ta gaba. In haske ba ya ratsawa, ƙura da ganye da ƙwari sun toshe shi, musamman a tsakaninsa da na na'urar sanyaya ɗaki, inda ido ba ya kaiwa.

Murfin kansa ka juya shi ka duba robar. In ta tsage, ta taurare, ko sifirin ɗin ya yi laushi, canza shi da mai lamba iri ɗaya da wadda aka buga a samansa.

Mataki na 4: Gwajin matsi

Ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, inji na sanyi, ka buga har lambar da ke kan murfi. Kada ka zarce, tsohon lagireto ba ya jure wa ƙari. Jira minti goma zuwa sha biyar. In allura ta tsaya cak, babu yoyo. In tana sauka, nemi inda ke ɗiga. In tana sauka kuma ka duba ko'ina a bushe, to ruwan ciki yake shiga, kuma gasket ya fara shiga sahun waɗanda ake tuhuma.

In babu famfon, shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin inji. Tayar da mota ta yi zafi, ka kashe, ka dawo bayan minti biyar da tocila. A lokacin ne matsi ya fi yawa, ƙananan yoyo kan tona kansu. Bar kwalin ya kwana, da safe ɗigon zai nuna maka saitin wurin.

Mataki na 5: Tayar da inji ka sa ido

Cika ruwa, rufe murfi, tayar, ka bar shi a silo, wato yana aiki ba a taka totur ba. Cire duk abin da ke lilo a jikinka, kuma ka sani fankar lantarki na iya tashi da kanta ko da an kashe mota.

Riƙe tiyon sama. Ya kamata ya daɗe da sanyi, sannan ya ɗauki zafi kusan lokaci guda idan tamostat ya buɗe. In allura ta wuce tsakiya amma lagireto na nan da sanyi, tamostat ya maƙale a rufe. Don ka tabbatar, cire shi ka rataya cikin tsohon gwangwani da ruwa, ka ɗora a wuta. Ya kamata ya fara buɗewa a lambar da aka buga a jikinsa, ya wangale kafin ruwan ya tafasa.

A nan zan yi magana a kan ɗabi'ar cire tamostat a jefar, wai don mota ta daina zafi. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Injin zai riƙa daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya ci ringi, wato zobban da ke jikin fistin. A wasu injunan ma tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji, in babu shi sai wani kason ruwan ya riƙa kewaye lagireto. Ciwon na nan, an dai rufe masa baki.

Ci gaba da jira har fanka ta tashi, galibi in ruwa ya doshi digiri 95 zuwa 100. In ba ta tashi ba, duba fiyus, sannan rila, sannan ka ba ta wuta kai tsaye daga batir. In ta juya, laifin na makunninta ne ko waya. Sa takarda a gaban lagireto: ya kamata iska ta manne ta a jiki, wato ana zuƙo iska zuwa wajen inji. An taɓa kawo mini wata mota da aka canza wa gasket har sau biyu cikin 'yan watanni, mai ita ya gaji har yana neman rabuwa da ita. Na sa takarda sai na ga tana turo ta waje. Ashe wajen wani gyara aka juya wayoyin fanka biyu, tana juyawa baibai, tana faɗa da iskar da ke shigowa in ana gudu. Minti biyar aka yi aka gyara. Na ji wa mutumin nan ciwon kuɗin da ya zubar.

Idan fankar mai kulocin mai ce, wadda fambel ke ja, kashe inji yana da zafi ka juya ta da hannu. In ta yi ta juyawa sakaka babu turjiya, kulocin ya mutu.

Bayan ka kashe inji, auna fuskar lagireto wuri-wuri, ko ka shafa da bayan hannu a hankali bayan ka cire wayar fanka. Zafin ya riƙa raguwa sannu a hankali daga mashiga zuwa mafita. In ka tarar da wani yanki mai sanyi a tsakiyar zafi, bututun wurin sun toshe, yawanci saboda shekaru ana zuba ruwa zalla, tsatsa da gishirin ruwa sun taru.

Mataki na 6: Alamomin gasket, da masu kama da su

Farin hayaƙi mai kauri daga salansa, wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, mai ƙamshin zaƙi: ruwa na shiga silinda. Amma ɗan tururin safe da ke ɓacewa cikin mintuna ba komai ba ne.

Zaro sandar awon mai. In baƙin mai ya koma fari-fari mai kauri, kamar an kwaɓa laka da kumfar sabulu, ko ya ƙaru a kan yadda ka bar shi, ruwa ya shiga. Kada ka ƙara tayar da injin, irin wannan man ba ya kare metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu. Sai dai ɗan farin kumfa a ƙarƙashin murfin zuba mai kaɗai, alhali sandar na nuna mai tsabta, yakan zama raɓa ce kawai a motar da ba ta doguwar tafiya lokacin sanyi. Haka kuma mai a cikin lagireto ba lallai gasket ba ne. Motar da ke da na'urar huce baƙin mai tana iya haɗa su ta can, mai giyar otomatik kuma bututun man giya na ratsa lagireto, in ya fashe ruwan kan koma ja-ja mai kauri.

Ga wadda ta fi rikita mutane: gasket na iya ƙonewa mai na nan tsaf, hayaƙi babu. Wutar silinda ce kawai ke hurowa cikin ruwa. Alamarta, tiyon sama ya yi tauri kamar dutse minti ɗaya ko biyu da tayarwa, tun ruwa bai yi ɗumi ba, robar ajiya ta riƙa amai, mota ta yi zafi in an ɗora mata nauyi. Iskar nan da muka ce a riƙe, in ka fitar da ita ta dawo, ka sake fitarwa ta sake dawowa, daga nan take.

Kwance fulogai ka jera su bi da bi yadda suke a inji. Na silinda mai shan ruwa zai fita fes, fari tas kamar an wanke shi, alhali 'yan'uwansa na da launin ƙasa-ƙasa. Tururi ne ya wanke shi. Haska ramin, wani lokacin za ka hango kan fistin yana ƙyalli, ko ɗigon ruwa a kwance. Irin wannan injin yakan yi rawa da safe na 'yan daƙiƙu sannan ya daidaita.

Mataki na 7: Tabbatarwa kafin a kwance

Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci. Ni sai gwaji biyu sun yi baki ɗaya nake ɗaukar sifana.

Gwajin kumfa: inji na sanyi, buɗe murfi, cika ruwa, tayar. Kumfa kaɗan da farko iska ce ke fita. Wadda ake tsoro ita ce mai fitowa a jere ba yankewa, ƙanana ƙanana, tana ƙaruwa in an taka totur. Wata hanyar, rufe murfin, ka tsoma bakin siririn tiyon amai, wanda ya tashi daga wuyan lagireto zuwa robar ajiya, cikin kwalbar ruwa ka kalla. Ko kuma ka ɗaura safar hannu ta roba a bakin lagireto, ka toshe ramin amai, ka cire fiyus ɗin famfon mai don kada ta tashi, wani ya yi ta buga sitata. In safar ta fara kumbura, matsin silinda ne ke shigowa.

Gwajin shuɗin ruwa ya fi waɗannan tabbas. Rage ruwan lagireto kamar yatsu uku don kada ya taɓa maganin, inji ya yi ɗumi, ka ɗora kwalbar ka riƙa matsa robar tana zuƙo iskar ciki na minti biyu. In akwai hayaƙin ƙonewa, shuɗin zai koma rawaya a injin fetur, ko kore a na dizal. In ruwan lagireto ya fantsama ciki, gwajin ya ɓaci, zubar ka sake.

Gwajin kwamfureshan: inji da ɗumi, cire dukkan fulogai, kashe wuta da mai, taka totur har ƙasa, ka buga sitata daidai wa daida ga kowace silinda, ka rubuta. Ba yawan lambar ne abin dubawa ba, bambancin ne. In wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, akwai magana. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare, kusan kullum gasket ne ya yanke a tsakaninsu. In guda ce, ɗiga mata ɗan baƙin mai ka sake: in lambar ta tashi, ringi ne, in ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Injin dizal yana buƙatar ma'auni nasa daban, matsinsa ya fi ƙarfin na fetur nesa.

In kana da injin iska, kawo fistin sama bawul duka a rufe, ka hura iska ta ramin fulogi. Kumfa a bakin lagireto ta gama magana, har ta faɗa maka silindar. Sai dai ka sani, tsagewar kan inji ma haka take nunawa, ba za a bambance ba sai an buɗe.

Mataki na 8: In ya tabbata gasket ne

Bar inji ya huce sarai. Sa alamar tayimin, wato saitin juyawar bawul da fistin, kafin ka cire komai, ka ɗauki hoton kowace waya da tiyo. Kwance notocin kan inji daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Kada ka yar da tsohon gasket, duba shi a haske ka ga inda ya ƙone. In ba ka ga komai a jikinsa ba, ka ƙara zargin tsagewa.

Kankare fuskokin biyu a hankali, ban da abin da zai karce alminiyam. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye, a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, kana zura siraran ma'aunan tazara a ƙarƙashi. Yawancin kawunan alminiyam ba a yarda lanƙwasarsu ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, ainihin lambar na cikin littafin motarka. In ta wuce, a kai wa masu injin fiƙe ƙarfe su daidaita, su kuma gwada shi ko ya tsage. Ɗora sabon gasket a kan lanƙwasasshen kai asarar kuɗi ce.

Tsane ramukan noti, ruwa ko mai a ciki na iya tsaga gangar inji in an ɗaure. Yawancin injuna na zamani da na tsaka-tsaki notocinsu masu miƙewa ne, ana ɗaure su da ma'auni sannan a ƙara kusurwa, irin waɗannan sababbi ake sakawa. Kada ka shafa wa gasket gam sai in littafin ya ce a yi. Ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai ma'auni, mataki-mataki. Ɗaurin "hannuna ya san daidai" ya mayar da motoci da yawa gareji.

Game da maganin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto: yana iya kai ka gida, amma yakan toshe hita da siraran bututun lagireto, kuma ba ya daɗewa a gaban wutar silinda.

Mataki na 9: Zuba ruwa da fitar da iska

Canza baƙin mai da filta. In ruwa ya shiga mai a baya, sake canzawa bayan 'yar gajeriyar tafiya. Sa sabon tamostat da sabon murfi, ka gyara ainihin abin da ka gano a matakai na 3 zuwa 5. Haɗa ruwan lagireto rabi da rabi da tataccen ruwa, sai in wanda aka riga aka haɗa ne. Tsohon ruwan kuma ka tara shi a rufe, guba ne, zaƙinsa na jan yara da dabbobi.

Ɗaga gaban mota kaɗan, buɗe hita zuwa zafi, sassauta notin fitar da iska in akwai, ka zuba a hankali har ruwa ya fito babu kumfa. Tayar da murfi a buɗe, kana matsa tiyon sama, kana ƙarawa in ya sauka. Da tamostat ya buɗe ruwan zai faɗa ƙasa, cika shi ka rufe, ka jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Washegari da safe, kafin ka tayar, buɗe ka duba, ka sa alama a jikin robar ajiya. Ka riƙa duba alamar nan kowace safiya har mako guda, sannan ka gwada ta a tudun da ta saba yin zafi.